Rilwanu Mai Jinyar Iyayen Mutane

In ka shiga Birnin Kudu ka tambayi wanda ya fi kowa ganin duniya, ba gidan ɗan majalisa za a kai ka ba, ba kuma gidan mai tireloli ba. Za a nuna maka wani dogon mutum mai furfura a gemu, zaune a bakin tasha yana sayar da sabulu da man shafawa a kan tebur. Sunansa Rilwanu, ɗan Malam Iliyasu na Farin Dutse ta ƙasar Gwaram. Fasfo huɗu ya cika da hatimi. Ya je Misira, ya je Indiya har ya daina ƙirgawa, ya taka Jamus da Ingila da Dubai. Amma kada ka ɓata bakinka wajen tambayarsa labarin wuraren nan. Da can shi ke bin mutane da labari, yanzu kuwa sai ya ce maka ko'ina gari ne, ya ci gaba da jera sabulunsa.

Aikinsa na fari a wani asibiti ne a nan Birnin Kudu. Ba likita ba ne, ba nas ba ne. Shi ne mai ɗaga wanda ya kasa tashi, mai canza zanin gado, mai ɗaukar fo ya zubar ya wanke ya dawo da shi. Aiki ne da kowa zai buƙata wata rana, kowa kuma ke yamutsa fuska in an ambace shi. Sai dai Allah ya ba shi hannu. Ƙaton da mutum uku za su yi ta nishi a kansa, Rilwanu shi kaɗai zai sa kafaɗa ya juya shi, mara lafiyar bai ma san an taɓa shi ba. Kuma ba ya ƙyama, ko kuma ya iya ɓoye ta, wanda a wannan sana'a duk ɗaya ne.

Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, kowa na rububin tafiya Dutse neman kujera, shi nasa rabon a bayan mota aka kawo shi, a kakkarye. Wani Alhaji Barau, mai motocin haya a Kano wanda asalinsa ɗan Kiyako ne, ya yi hatsari a kan hanya, ƙugu ya karye. Sati uku Rilwanu na hidimarsa. Da 'ya'yan suka yanke shawarar fitar da shi Misira, dattijon ya kafe, ya ce in ba da wannan mutumin ba, ba inda za shi. 'Ya'yan ba su yi musu ba. Daɗi ma suka ji, don dama kowannensu na ta lissafin kan wa fo zai faɗa.

Haka Rilwanu ya fara hawa jirgi, yana riƙe da jakar magunguna da buta. Wata biyu ya yi a Alƙahira. Abin da ya gani na birnin shi ne hanyar filin jirgi zuwa asibiti, da wata gada inda direban tasi ya nuna ƙasa da haɓa ya ce kogin Nilu ke nan, kafin ya waiwaya sun wuce. Sauran kwanakin a ɗaki mai lamba ɗari uku da sha biyu ya yi su. Tagar ɗakin na kallon bayan wani gida inda wata mata ke shanya, har ya haddace kayan mijinta. Kullum da safe a ba shi dafaffen wake da gurasa. 'Ya'yan Alhaji kuwa sukan leƙo da hantsi, su tsaya daga bakin ƙofa su ce sannu Baba, su fice. Da la'asar su dawo suna ƙamshin waje, suna ba da labarin dalar Fir'auna da raƙuman da suka hau. Rilwanu na matse tsumma yana saurare. Kansa na riƙe magana, don haka babu abin da ya zube.

Alhaji Barau ya dawo da ƙafarsa, kuma attajiran Kano ba sa ɓoye wa juna irin wannan sirri. Kafin shekara ta zagayo, duk mai tsohon da za a fitar waje sai ya aiko a nemi Rilwanu. Ya ajiye aikin asibiti. Ya yi aure, ya kama gida, matarsa Kaltume ta saba da haɗa jaka.

A Indiya ya fi daɗewa, kuma a can ya koyi aikin da gaske. Wata nas baƙa siririya, wadda ba ta jin Hausa shi kuma Turancinsa bai taka kara ya karya ba, ta koya masa da hannu da harara cewa wanda ya kwanta bai motsi, duk bayan awa biyu sai an juya shi, in ba haka ba fatar da ke kan ƙashi ta mutu ta zama gyambo. Ta koya masa inda ake sa matashi, da yadda ake wanke rauni da ruwan gishiri daga ciki zuwa waje. Garin kuwa ya san shi da barkono, da ƙarar babura masu ƙafa uku, da wata saniya da ke kwana a ƙofar kantin magani ba mai ce mata tashi. A Jamus ya ga dusar ƙanƙara ta gilashi, daga hawa na shida, yana riƙe da ƙafar wani tsohon alƙali. Da ya samu ya sauko washegari, an riga an share ta. A Landan ya shiga jan bas mai bene sau ɗaya, ya sauka a tasha ta biyu don tsoron ɓata. A Dubai ya zagaye kasuwar zinare daga farko har ƙarshe, yana tura wata Hajiya a keke, idonsa na kan tayoyi kada su taka ƙafar Balarabe. Har ɗawafi ya yi, sau da yawa ma, amma ko sau ɗaya bai yi shi hannunsa a sake ba.

To, ga inda Rilwanu ya cuci kansa, kuma ba wanda ya sa shi.

Tun yana asibitin Birnin Kudu mutanen Farin Dutse ke ganinsa da farar riga, yana shiga ofishin likita ba sallama, sai suka laƙaba masa Dakta. Bai taɓa cewa shi likita ne ba. Bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne. Da aka ji ana zuwa har daga Kano a ɗauke shi a hau jirgi da shi, magana ta ƙare. Duk sallah in ya je gida, da ya sauka daga motar Gwaram ya hau acaɓa, kafin ya isa labari ya riga shi. A shimfiɗa masa tabarma a gindin ceɗiyar ƙofar gidansu, majalisa ta cika. Nan zai buɗe baki. Dalar Fir'auna, in ji shi, in ka ɗora dalar gyaɗa goma kan juna ba ta kai wuyanta ba. A Indiya akwai farin ginin da wani sarki ya yi a kan kabarin matarsa, in ka tsaya a gabansa sai ka ji hawaye. Ƙanƙarar Jamus in ka taka ƙara take kamar ka taka busasshen ganye. Duk na 'ya'yan masu kuɗi ne, shi dai ya wanke shi ya ƙara gishiri, kuma wallahi ya fi masu shi iya faɗa.

Kaltume kaɗai ta san gaskiya, don ita ke wanke kayan da yake dawowa da su. Takan ce masa, "Dakta, wannan karon wace dala ka hau? Na ga gwiwar wandon ta sha durƙuso." Ya yi dariyar yaƙe ya ce ta bar shi ya ci tuwonsa.

Ba don majalisa yake wannan zubar ba. Don mutum ɗaya yake yi. Rilwanu ɗan fari ne, kuma Malam Iliyasu mutumin da ne, mai riƙe da kunyar ɗan fari yadda ya gada. Bai taɓa kiran sunansa ba. Ba ya cin abinci tare da shi, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, in zai yi masa magana sai ya kalli wani wuri ya ce a gaya wa wancan. Amma duk ranar da majalisa ta taru, sai ka ga tsohon ya samu igiyar da zai tufka a cikin zaure, daidai inda murya ke isa. Mairama, ƙanwar Rilwanu, ta taɓa raɗa masa cewa in ya tafi, Baba kan zauna ya maimaita wa abokansa labarin kaf, ya ƙare da cewa, "Ai na wajen nawa ne ya gani da idonsa." Tun daga ranar ƙaryar ta yi saiwa. Abin da uba bai iya ba shi a fili ba, ga shi yana samu ta bayan zaure, yaya zai sa hannu ya rushe?

Shekara goma sha takwas aka yi a haka.

Wata kaka, ana tsakiyar yankan dawa, Malam Iliyasu ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Rilwanu na Indiya da wani tsohon ɗan kasuwa. Mairama ce ta kira shi tana kuka. Ya je wajen babban ɗan mara lafiyar, wanda fasfo da tikiti ke hannunsa, ya roƙi a bar shi ya tafi. Mutumin ya yi masa jaje mai kyau, har da dafa kafaɗa, sannan ya ce, "Amma Malam Rilwanu, ka san Baba ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai kai. Ka ƙara haƙuri, an kusa sallamarmu." An kusa ɗin nan sati biyar ta zama. Kullum sai ya kira gida ya ce a riƙa juya uban duk bayan awa biyu, a sa matashi a ƙarƙashin ƙugu. Mairama ta ce to. Amma a Farin Dutse, tausayi shi ne a bar mara lafiya ya huta. In an taɓa tsohon ya yi nishi, sai a ce a bar bawan Allah haka, kada a ƙara masa. Suka shafe shi da man shanu, suka lulluɓe shi, suka bar shi a gefe ɗaya saboda ƙauna.

Ranar da Rilwanu ya iso, tun daga tsakar gida hancinsa ya gaya masa. Warin nan ya san shi a ƙasa shida. Ya shiga ɗakin ya durƙusa ya gaida uban, ya kai hannu zai ɗaga mayafin. Tsohon ya danne shi da hannun hagu, da ƙarfin da ba wanda ya zaci ya rage masa. Bakinsa ya karkace amma ana gane maganarsa. Ya dubi ƙaninsa Bappa, wanda ke zaune a gefe, ya ce, "Gaya wa wancan ya fita."

Bappa ne ke yi masa wanka, shi ma tsoho ne mai rawar hannu, ido kuma ya fara hazo. Ya ja Rilwanu waje ya ce, "Kai ma ka san ba zai yiwu ba. Ɗan fari ya ga tsiraicin ubansa? Kuma babban mutum kamarka? Ba wannan muke jira daga gare ka ba."

"Me kuke jira, Bappa?"

"Ka ɗauke shi ka kai shi Misira mana. Iyayen wasu ma ka kai, balle naka. Shi kansa tun da ya kwanta abin da yake faɗa ke nan, in na wajen nawa ya dawo za mu hau jirgi."

Rilwanu ya dubi ƙofar ɗakin. Misira ina, shi da ko tikitin kansa bai taɓa saya ba? Kuma abin haushin, tsohon ba Misira yake buƙata ba. Ruwan gishiri yake buƙata, da auduga, da matashi uku, da mutumin da zai juya shi. Wato abin da Rilwanu ya fi kowa iyawa a faɗin jihar nan, shi ne kaɗai abin da aka hana shi yi.

Kwana huɗu yana kewaye-kewaye. Ya koya wa Bappa yadda ake wanke raunin, Bappa ya shiga ya fito ya ce an yi, alhali ko ganin ramin ba ya yi sosai. Ya kawo shawarar a kai shi asibiti a Birnin Kudu, tsohon ya ce shi jirgi yake jira. Zazzaɓi ya fara shiga. Rilwanu ya san abin da ke biyo bayan wannan zazzaɓin, ya sha ganinsa a jikin iyayen mutane. Mairama ta tare shi a bakin rumbu ta ce, "Yaya, wai me ya hana? Mutane sun fara magana, suna cewa rowa ce."

A rana ta biyar da hantsi ya shiga ɗakin, Bappa na nan. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafun uban, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ina da magana. Ni ba likita ba ne. Ban taɓa zama ba."

Bai ɗago kai ba, ya ci gaba.

"Masu kuɗi ke ɗaukata in yi wa iyayensu jinya. Ni ke yi musu wanka, ni ke kwashe kashinsu da fitsarinsu, ni ke juya su. Shi ne aikina tun daga Birnin Kudu har Jamus. Dalar nan ban taɓa ganinta ba, farin ginin nan ma haka, labari na ji. Ba ni da halin kai ka ko Legas. Amma ciwon da ke bayanka na san shi, kuma na iya shi. In ka bar ni zai warke. In ba ka bar ni ba, shi zai kashe ka."

Ya faɗe ta duka a numfashi ɗaya, yana jin kamar fatarsa ake saɓulewa. Bappa ya saki baki. Tsohon ya daɗe yana kallon azara, hawaye na gangarowa ta idon da ya shanye, wanda dama ba ya rufuwa. Can ya ce, "Bappa, tambaye shi. Su waɗannan tsofaffin, ba su haifa ba ne?"

"Sun haifa, Baba."

"Tambaye shi, in yana wanke su, suna kallon fuskarsa?"

"Ba sa kallo, Baba. Yawancinsu ko sunana ba su riƙe ba."

"To." Ya dubi Bappa. "Miƙo min rawanina."

Bappa ya miƙa. Tsohon ya ja shi da hannun hagu ya rufe fuskarsa ruf, daga goshi har haɓa. Daga ƙarƙashin ƙyallen ya ce, "A ce wa mai jinyar ya yi aikinsa."

Rilwanu ya tafasa ruwa ya zuba gishiri. Da ya ɗaga mayafin, ramin da ke ƙugun ya isa ya haɗiye lemon tsami. Bai yi kuka ba, aiki ya yi. Ya wanke, ya cire mataccen nama, ya rufe, ya sa kafaɗa ya juya ubansa a hankali yadda ya juya alƙalai da attajirai. A ransa ya lura cewa wannan ne karo na farko da ya taɓa jikin mutumin tun yana yaro. Da ya gama, murya ta fito daga cikin rawanin: "Sannu, bawan Allah. Allah ya biya ka."

Haka aka yi wata biyu da kwana tara. Da an ji takunsa a bakin ƙofa, rawani ya hau fuska. Da ya gama, sannu bawan Allah. Aka kira shi daga Kano sau uku, akwai tafiya Dubai, ya ce a nemi wani. Labari kuwa ya gama gari tun ranar farko, don Bappa ba ya iya riƙe magana. Majalisar gindin ceɗiya ta watse, masu cewa Dakta suka koma cewa Rilwanu, wasu matasa in ya wuce su toshe hanci suna dariya. Wannan bai dame shi sosai ba. Abin da ke cinsa shi ne in yana tsakar gida yana jin tsohon na hira da Mairama, da Bappa, har da maƙwabta, fuska a buɗe. Ya sha tsayawa a jikin bango yana saurare, da kwanon ruwa a hannu, har ruwan ya huce ya koma ya sake ɗumamawa.

Zazzaɓin ya tafi. Ramin ya ciko da jan nama mai kyau, ya tsuke, har ya rage bai fi bakin kwalba ba. A duk yawonsa bai taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma ya sani. Ya riƙa gaya wa kansa cewa ranar da raunin ya rufe, ranar rawanin zai sauka.

Wata Laraba ya tafi Gwaram sayo auduga da bandeji. Da azahar, yana dawowa, ya hango maza a ƙofar gida sun yi layi a kan tabarmi. Ciwon shanyewar jikin ne ya sake bugun tsohon, bai kai awa ɗaya ba ya cika. Bappa ya taso ya tare shi, ya riƙe masa hannu.

"Ya yi magana kafin ya cika?" in ji Rilwanu.

"Ya yi. Ya ce a roƙi mai jinyar nan gafara, an wahalar da shi, kuma mutumin kirki ne."

"Shi ke nan?"

Bappa ya kawar da kai. Rilwanu ya sake tambaya.

"Sai ya ce, na wajen nawa har yanzu bai dawo daga tafiyar ba?"

"Ruɗewa ya yi ke nan, Bappa. Ciwon kan sa haka."

"A'a," in ji Bappa a hankali. "Hankalinsa ƙalau. Ya kira sunan kowa a ɗakin, har ya tuna min akuyar da za a mayar wa maƙwabciyarmu Talatu. Na ce masa ai ya dawo tuni, Yaya, shi ke wanke ka. Ya ce a'a, shi wancan nasa yana can yana ganin duniya."

Rilwanu ya tsaya da ledar auduga a hannu, bai san inda zai ajiye ta ba. Daga cikin gida aka leƙo aka ce ruwa ya yi zafi, ana tambaya wa zai shiga wankan gawa.